Ajin Kara a Ƙasar Gobir

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun muna yara muke jin dattawanmu suna labarin Gobir, ƙasar da kakanninmu suka baro da jakunansu suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, wasu suka yada zango a Salaga, wasu a Kumasi, har 'ya'yansu suka gangaro Accra suka haife mu a Nima da Maamobi. Ji kawai muke yi, ba mu taɓa sa ƙafa ba, sai a watan Nuwamba na shekarar 2022 da Allah Ya yi wa baffan ɗaya daga cikinmu rasuwa a wani ƙauye na jihar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. Muka shirya mu huɗu za mu je gaisuwa, muka ɗauki yaro guda, ɗan ɗayanmu mai shekara 15, wanda bai daɗe da gama jarrabawar BECE ba, yana zaman jiran sakamako.

Da labari ya bazu a majalisarmu ta bayan sallar isha'i, sai wani ya ce ai ba a zuwa gida hannu rabbana. Aka yi karo-karo aka sayi kwali biyu na littattafan rubutu, da biro da fensir da alli, da ƙwallo guda, aka ce mu kai wa makarantar ƙauyen. Ba za mu ɓoye muku ba, a ranmu gani muke yi mu ne manya, 'yan birni za su je su taimaki talakawan ƙauye, a ɗauki hoto a dawo a nuna wa jama'a.

Muka tashi daga Accra muka ƙetare iyaka a Aflao, muka ratsa Lome da Kwatano, muka miƙe arewa ta Paraku da Kandi har Malanbil, inda gada ta ƙetare kogin Kwara zuwa Gaya. Daga nan sai Doso, sai Dogon Dutsi, sai Birnin Ƙonni. Kwana uku muna hanya, ga shingayen jami'ai, ga canjin kuɗi daga sidi zuwa sefa. Tsakanin Gidan Rumji da Tibiri muka sauka daga kwalta, aka zo da amalanken shanu aka kwashe mu da kayanmu, muka yi ta ratsa gonaki cikin yashi. An riga an gama girbi, rumbuna cike da damman hatsi, wato gero, karan kuwa an tara shi tsibi-tsibi a bakin gonaki, jajayen awakin nan na Maraɗi suna ta kewaya shi. A lokacin ba mu san cewa wannan karan shi ne makarantar da muka zo gani ba.

Kwana biyu na farko zaman makoki ya cinye su. Rana ta uku da safe sai muka ji ana buga ƙarfe daga gabashin gari. Muka bi ƙarar, muka tarar tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a reshen dogon yaro, wani yaro yana ta dukansa da iyakar ƙarfinsa. Nan ce lakwal, kamar yadda suke kiran makarantar boko, yadda mu a nan muke cewa suku mu bar kalmar makaranta ga ta allo. Babu katanga, babu ƙofa, babu maigadi. Aji guda ne na siminti mai rufin kwano, sai rumfa guda ta kara, sai sandar tuta, sai randa biyu a gindin itace. Malamai uku ne, na ukun yana koyar da nasa yaran a inuwa saboda ba a riga an kafa musu rumfa ba. Yara suka yi layi aka ɗaga tuta mai ruwan lemo da fari da kore, wasu da silifas, wasu ƙafa ƙasa, kowa da tufar da ya kwana da ita, kowa rataye da 'yar jakar da aka ɗinka da buhun shinkafa, a ciki akwai ɗan ƙaramin baƙin allo da guntun alli.

Abin da ya fara ba mu dariya shi ne jin yara suna cewa, "Mushe ya zo! Mushe ya zo!" Muka dubi juna muna neman inda akuya ta mutu. Ashe malaminsu suke nufi, kalmar girmamawa ce ta Faransanci da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Ba a jima ba su ma suka rama, don kuwa ɗayanmu ya nuna wata 'yar ƙarama ya ce, "Yarinya nan ya iya karatu," irin Hausarmu ta Zango da ba ta raba mace da namiji. Yara suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa ƙasa, sai da malami ya tsawata musu.

Mun yi kwana shida muna zuwa muna zama da su, har muka haddace yadda yininsu yake tafiya. Tun da asuba yaran sun tashi, an hura wutar kara a ƙofar malamin allo, sun yi karatun Alƙur'ani cikin sanyin hunturu. 'Yan mata kuma sun je rijiya, wadda zurfinta ya sa sai da sa ake jan guga, wasu sun taya iyayensu surfe. Ƙarfe takwas ana shiga aji. A cikin rumfar kara babu benci, kan yashi ake zama ko kan buhu, babban allo yana jingine a jikin gwafa biyu, hasken rana yana ratsowa ta tsakanin kara. In iska ta taso sai ƙura ta rufe rubutu, in akuya ta leƙo sai na bakin ƙofa ya kore ta ba tare da ya ɗauke ido daga malami ba. Littafin karatu na hannun malami ne, shi zai kwafa a babban allo, yara su kwafa a ƙananan nasu, in ya buga sanda kowa ya ɗaga nasa sama a lokaci guda, ya bi da ido ya ga wanda ya yi daidai da wanda ya kauce. In ya yi tambaya sai ka ji ana ƙyasta yatsu ta ko'ina, "Mushe ni! Mushe ni!" Lokacin hutu wata tsohuwa tana kawo ƙuli-ƙuli da kwaɗon zogale, na dala biyar, wato sefa 25, kuma wanda ba shi da kuɗi ba ya rasa mai gutsura masa. Da rana ta take a koma gida a sha fura, da yamma a dawo. Cika randunan nan biyu bi da bi ne, kowace rana da yaran da ke da aikin.

Rana ta huɗu muka ga amfanin karan nan da muka wuce a gonaki. Shugaban makarantar, wanda suke kira darakta, ya bayyana mana cewa rumfar kara ba ta jure damina, da ruwa ya sauka wajen watan Yuni ta gama aiki. A watan Oktoba ake komawa makaranta a Nijar, amma ba a samun kara sai an gama girbi, saboda haka kowace shekara yaran rumfa suna asarar makonni kafin su sami inuwar kansu. Ranar nan aka yi gayya. Kowane gida ya kawo damin kara, maza suka haƙa ramuka suka kafa gwafanni, dattawa suka zauna suna saƙa zana, mata suna kawo ruwa da fura, maigari yana kan tabarma yana lura da gidan da ya zo da wanda bai zo ba. Mu ma muka tuɓe riguna muka shiga, ba a yi awa guda ba hannuwanmu suka yi kanta, samarin gari suna yi mana dariya suna cewa 'yan Ghana sai shan shayi. Kafin la'asar aji ya tsaya. Washegari yara sama da arba'in suka shiga cikinsa, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa zanar da ubansa ya saƙa.

Akwai wata dattijuwa, shugabar ƙungiyar iyaye mata, da muka ga kullum da hantsi tana leƙa kowane aji tana ƙirga 'yan mata da ido. Wadda ba ta gani ba, sai ta ja sandarta ta nufi gidansu. Ba ta taɓa zama a aji ba, ko harafi guda ba ta sani ba, amma babu uwar da ke iya riƙe 'yarta a gida don talla ba tare da ta shirya amsar da za ta ba Inna ba.

Muna hutawa bayan gayyar ne darakta ya dubi babbanmu ya ce, "Alhaji, ku can Ghana, in an kira taron iyaye mutum nawa ke zuwa?" Muka yi tsit. Kowannenmu ya tuna taron PTA na ƙarshe da aka aiko masa da takarda, ya ba uwar yara ya ce ta je, ita ma kasuwa ta hana ta. Mun san yadda abin yake, ku ma kun sani: makaranta mai ɗaruruwan yara, iyaye mata kaɗan a kan benci, iyaye maza kuwa suna tasha ko suna majalisa ana gardamar ƙwallon Ingila. Makarantunmu na bulo ne, wasu har da bene, amma da yawa daga cikinmu ba mu san sunan malamin ɗanmu ba. Babbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ana dai ƙoƙari." Darakta ya yi murmushi bai ƙara ba.

Kada wani ya ce mun je mun dawo muna yabon talauci. Ajin kara abin tsoro ne. A ranar 8 ga Nuwamba 2021, shekara guda kafin zuwanmu, gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a cikin birnin Maraɗi, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu. Kafin nan, a watan Afrilu na shekarar, wata gobarar ta ci yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana sa 'yan ajin renon yara a cikin rumfunan kara. Shi ya sa a ƙauyen nan aka bar wa kowace rumfa mafita biyu, aka hana hura wuta ko shan taba kusa da ita. Biyu daga cikin malaman 'yan kwantaragi ne, albashinsu kaɗan, sai sun je gari suke karɓa, in ya yi jinkiri mutanen ƙauye ke aiko musu da tuwo. A ajin farko mata da maza kusan kunnen doki suke, amma a ajin ƙarshe 'yan mata sun zama 'yan ƙalilan. Ƙididdigar UNICEF ta nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Samari kuma da sun tasa sai ci-rani. Duk wanda ya zauna cikin rumfar nan yini guda zai roƙa wa yaran nan ajin bulo da benci da littafi, don haƙƙinsu ne.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ne ranar da muka miƙa kayan da muka kawo. An yi godiya, an yi addu'a, ƙwallo kuwa ta fi komai farin jini. Daga nan malamin aji na biyu ya gayyace mu rumfarsa. Makarantar tana cikin waɗanda ake fara koya wa yaro karatu da harshen uwarsa kafin a shigar da shi Faransanci, tsarin da Nijar ta soma gwadawa tun 1973 a Damagaram. A kan allo an rubuta: Ɓera ya ɓoye cikin rumbu. Ƙanena ya ɗauki ƙwarya ya ɗebo hatsi. Malamin, don ya karrama baƙo, sai ya miƙa wa yaronmu sanda ya ce, "Ɗan Ghana, zo ka karanta mana."

Yaron nan fa yana karanta jaridar Turanci ba gargada, shi ke cika wa 'yan gidansu takardun asibiti da na banki. Ya tsaya gaban allo ya yi shiru, ya fara haɗa haruffa irin na Turanci, ya ce "bera", ya ce "kanena", ya tsaya, ya juyo ya tambayi ubansa da Turanci mene ne waɗannan ƙugiyoyi da ke kan haruffa. Malamin ya ga abin zai zama kunya, sai ya kira wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, ƙafarta fari fat da ƙura. Ta karɓi sanda ta karanta tiryan-tiryan, ta koma ta zauna a kan buhunta. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Gaskiyar magana, a cikinmu mu huɗu manya, mutum ɗaya ne zai iya karanta allon nan ba tare da in'ina ba, shi ma daga tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan Kano ya koya wa kansa.

Da dare muna kwance a tsakar gida yaron ya ce, "Baba, me ya sa ba a koya mana ba?" Uban ya rasa ta cewa. Amsar da ke kusa ita ce Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, ko da yake gidan rediyon GBC ya daɗe yana watsa labarai da ita. Ɗan Nima a suku sai ya zaɓi Ga ko Tuwi. Tun 1987 da aka kafa sashen kula da ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, makarantunmu da dama suka haɗa Larabci da Turanci, wannan kuwa alheri ne babba, sai dai Hausa ta tsaya a baki: da ita ake fassara, da ita ake tafsiri, da ita ake ciniki a kasuwar Nima, amma ba a sa ta a allo. Amsar da ke nesa kuma, wadda ta fi ɗaci, ita ce babu wanda ya hana mu koya wa 'ya'yanmu da kanmu. A ƙasar nan tamu Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya zauna ya yi ta rubutu da Larabci da Hausar ajami, har yau masana suna nazarin abin da ya bari. Bai jira izinin gwamnati ba.

Akwai wani tsoho a ƙauyen da kullum yake zuwa hira wurinmu. Ya yi shekaru a Nima yana sana'ar fawa, har ranar 18 ga Nuwamba 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa. "'Ya'yana, ina labarin Ankara?" Haka yake fara hira, don har yanzu da tsohon sunan yake kiran Accra, ya tambayi babbar kwatar Nima, ya tambayi Lagos Town, ya tambayi mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya. Da ya ji abin da ya faru a aji, sai ya ce a zamaninsu kowane gida a Zango akwai mai rubuta wasiƙa da ajami a aika arewa, a karanta a mayar da amsa. Ya dafa kan yaron ya ce, "Jikana, mu an kore mu amma mun taho da bakinmu. Ku da kuka zauna, ku kula kada bakin ya taho ya bar ku."

Da za mu taho malamin aji na biyu ya kwafa wa yaron haruffan Hausa kaf a cikin ɗaya daga littattafan da muka kawo, kowane harafi da kalmominsa. Wato dai daga kwalinmu aka ciro littafi aka ba mu sadaka.

Bayan mun dawo muka nemi izinin wani malamin allo a Maamobi, ya ba mu zaurensa ranar Asabar bayan azahar, awa guda. Yaron nan, da ya zauna ya haddace littafinsa, shi ne ya zama mushe. Ba za mu yi muku ƙarya ba, abin yana tafiya yana tsayawa. Ran da aka fara zaure ya cika, bayan wata biyu saura 'yan kaɗan, kuma da muka bincika sai muka ga waɗanda suka ɗore su ne waɗanda uwa ko uba ke rako su, ko ke tambayarsu da dare abin da suka koya. Mun rasa irin Inna mai sanda. Komawa ƙauyen kuma bai yiwu ba, don bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da muka bi tsakanin Malanbil da Gaya, sai dai gaisuwa ta saƙon murya a WhatsApp. A watan Maris na 2025 muka ji Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Ranar nan mun tuna yarinyar nan mai ƙura a ƙafa.

To jama'a, roƙonmu biyu ne, kuma babu wanda zai ci muku ko sidi ɗaya. Na farko, in an aiko da takardar taron iyaye, maigida ya sa rigarsa ya je da ƙafarsa, ya ga ajin ɗansa, ya san malaminsa, ya ji abin da ya lalace. Mutanen ƙauyen can da kara suke gina tasu kowace shekara, mu an gina mana, zuwa kawai ya rage, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, yau da dare bayan an ci tuwo, ku miƙa wa ɗanku ko 'yarku wannan shafi ku ce su karanta muku da ƙarfi. In sun karanta, alhamdu lillahi. In sun tsaya a kan ƙugiya, kada ku yi musu faɗa, don ba laifinsu ba ne. Ku zauna tare ku fara daga ɓera da ƙwarya, kamar yadda aka fara da mu a cikin rumfar kara.

Allah Ya jiƙan yaran Maraɗi da na Yamai da magabatanmu baki ɗaya, Ya tsare masu karatu a rumfa daga wuta, Ya shirya mana zuri'a. Amin summa amin.